Fasiyata ko Shantini

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Akwai mutane a Wurno da suka fi ni sanin Baba Tambari, waɗanda suka tsaya sahu ɗaya da shi tun ba a haife ni ba. Na jira ko ɗayansu zai rubuta wani abu, na ji shiru. In kun ga layi ya karkace, hannuna ne.

"Ke ɗiyar Malam! Ba ga ƙasa ba!"

Na riga na karkata butar, ruwa ya fara zuba a gindin shukar. Na firgita har na jiƙa ƙafata.

"Wa yac ce miki albasa ta? Ɗaga hannunki. Dubi tsakiya, inda ganyen yat taru awa moɗa. Nan za ki zuba, sannu-sannu, har ya cika."

Innata ce ta aike ni da kunu gidansu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na iske matarsa, Inna Bara'atu, ta tafi barka, shi kuma yana zaune a kan tabarma ƙarƙashin mangwaro, ƙafafunsa a miƙe, sun kumbura har fatar tana sheƙi. Ya yunƙura sau biyu bai tashi ba, shi ne ya ce in ɗebo ruwa a ƙaramar randar da ke bakin ɗakinsa in ba shukarsa. Tsakiyar bazara ce, ko kaji sun buɗe baki suna haki.

Duk unguwa ta san shukar nan, ana ce mata abarbar Tambari. Ni ban taɓa matsawa kusa da ita ba sai ran nan. Ganyenta masu faɗi ne, masu kauri, sun fito a zagaye suna lanƙwasawa waje, da ratsin fari a gicciye kamar an barbaɗa musu gari. A gefen kowane ganye akwai ƙananan ƙayoyi baƙaƙe. Tukunyar ƙasa ce mai huda a gindi, kuma abin da ke cikinta ba ƙasa ba ne, gutsattsarin gawayi ne da ɓawon itace da buntun shinkafa.

"Can garinsu bisa itace taka zama," in ji shi. "Saiwar ta riƙo ce kawai. Kin jiƙa mata gindi kullum, ta ruɓe. Kuma ba ta son ruwan rijiyarmu, kanwa ta yi mishi yawa. Na sama, in babu, na gulbi."

"Yaushe za ta yi abarbar, Baba?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke ma? Ina ce ke mai karatu ce."

Ya aike ni ɗakinsa in ɗauko wani littafi a ƙarƙashin matashi. Daga ranar na fara zuwa kullum bayan la'asar.

Shekara talatin da ɗaya Baba Tambari ya yi a Ibadan yana aikin lambun furanni a wani babban gida. Da mai gidan ya rasu aka sayar da gidan, sababbin masu shi suka ce za su zuba siminti a lambun. Aka tara tukwane a bakin bola. A nan ya tsinci wannan, tana ƙarama, ɗan allon da ake rubuta suna ya ɓace. Ya dawo gida da ita a kan cinya cikin mota, da littafin, da akwati ɗaya. Ƙannensa a lokacin sun tara gonakin albasa da shinkafa, wasu sun je Hajji. Mutane ba su faɗa a gabansa, amma na sha jin ana cewa ya ƙare ƙuruciyarsa yana renon abin da ba a ci.

Littafin na Turanci ne, bangonsa ya fita, an ɗinke shi da zaren buhu. Idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu, don haka ni ke karantawa. Sai in buɗe shafi in rufe sunan da hannu, ya kanga hoton kusa da hanci ya faɗi sunan, bai taɓa kuskure ba. Ya san fiye da ɗari biyu. Wasu ya san su da ƙamshi, yana ba ni labarin wadda ke son inuwa da wadda ke fushi in an matsar da ita.

Shukar tasa tana cikin dangin da littafin ya kira buromiliya, dangin abarba ne daga dazuzzukan Kudancin Amurka. Matsalar ita ce akwai biyu masu ratsin fari a shafi biyu da ke fuskantar juna. Ɗaya an rubuta Aechmea fasciata, ɗaya Aechmea chantinii. Baba yana kiransu Fasiyata da Shantini, kamar 'yan matan gida ɗaya. Hotunan sun koɗe, jan ya koma ruwan hoda, ruwan hodar ya koma kamar ja. Rubutun dai ya ce Fasiyata kanta dunƙule yake, ƙananan furanninta shuɗaye. Shantini kanta yana rassa, furanninta ruwan ɗorawa.

"To Baba, ai ganyenta ya fi kama da na Fasiyata."

"Ya hi kama. Rana ta wurin ga tana canza ganye. Sai ta yi hure za a sani. Ana raɗa suna kahin a ga jinjiri?"

Inna Bara'atu tana tankaɗe a bakin madafa ta ce, "Ko Fasiyata ko Shantini, wace aka sa wa miya?"

"Ke dai yi tankaɗenki, Bara'atu."

"Ina yi. Shekara shida ina raba ruwan randa da ita, ko sannu ba ta taɓa ce min ba."

Na taɓa aro wayar Babanmu na ɗauki hotonta, na sa a wurin da ake tambayar sunan tsiro. Da farko ta ce Fasiyata. Na matsa gefe na sake ɗauka, ta ce Shantini. Na uku ta ce abarba. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Inna ta kawo ruwa tana cewa wayar ta fi su hankali duka.

Da dariyar ta lafa ya ce, "Ikilima, duk abin da nir rena na san sunanai. Wagga kaɗai. Kuma ita kaɗai ta biyo ni gida. In an tambaye ni mi nike da shi, in ce wata aba?"

Na gyara zaren littafin.

Farkon damina aka kai shi asibiti Sakkwato. Kwana tara suka yi. Ni na riƙa ba shukar ruwa, ranar Juma'a in karkata tukunyar in zubar da tsohon in sa sabo, kamar yadda ya koya mini, don kada sauro ya yi ƙwai. Da suka dawo ya rame a fuska, ƙafafun kuma sun ƙaru. Inna ta ce wa Innata likita ya ce zuciya ce ta gaji, a koma gida a ci gaba da magani. Ta faɗi haka tana kallon ƙasa.

Washegari ya ce a sayo masa ayaba, wadda ta nuna sosai har ta fara baƙi. Inna ta yi murna, ta ɗauka abinci ya fara shiga ransa. Da aka kawo sai ya ce in zubar da ruwan tsakiyar shukar duka, in ajiye ayaba uku a bakin tukunyar, in rufe ta da babbar leda in ɗaure, in ja ta can cikin inuwa.

"Tambari, mi kake yi haka?" in ji Inna. "Ayabar da nis sawo maka?"

"Iskan da nunanniyar ayaba ka hitarwa shi ka tada ta. Haka muka yi can in mai gida na da baƙi, shina son hure kan lokaci. Kwana bakwai za ta yi ruhe."

Na ce, "Baba, kun san wannan dabarar tun da, me ya sa ba ku yi ba?"

"Ba ni son tilasta ta. Na so ta yi don kanta." Ya dubi ledar. "Kuma sau guda suka yi, Ikilima. Wadda tay yi hure ba ta sake wani. Daga nan sai ta hwara tahiya."

"To yanzu fa?"

"Yanzu ba ni da lokacin kunya."

Inna ta tashi ta shiga madafa, ta daɗe ba ta fito ba, kuma ba a ɗora komai a wuta ba.

Bayan kwana bakwai muka buɗe, ayabar ta narke, ƙananan ƙudaje suka tashi. Na wanke bakin tukunyar na cika tsakiyar da ruwan sama. Ba abin da ya canza. Ya ce wata biyu, ko uku. Kullum in na shigo, kafin in gama sallama zai ce, "Leƙa." Sai in leƙa in ce ruwa ne kawai, Baba. Gero ya yi tsawo a bayan gari, gulbi ya cika, masu babur suna zagaye ta kan tudu saboda laka. Shi kuma tabarmarsa ta tashi daga ƙarƙashin mangwaro ta koma rumfa, daga rumfa ta koma ɗaki. Numfashinsa ya zama kamar na wanda ya hau tudu da kaya.

A sati na bakwai na leƙa na ga wani abu a ƙasan ruwan, dunƙulalle, fari-fari, kamar ƙwan kaza da aka nutsar. Na shiga ɗakin da gudu ban cire takalmi ba.

"Baba, ya fito! Wallahi ya fito!"

Ya sa aka tashe shi zaune. Ya tambaye ni girmansa, na nuna da yatsu. Ya ce daga yau in rage ruwan kada ya rufe kan. Ran nan ya sha kunu rabin kofi, Inna ta ce in Fasiyata ce ke sa shi cin abinci to ta yafe mata ruwan randa.

Kan ya riƙa tasowa kullum a kan sanda mai kauri, har ya wuce bakin ganyen da kamu ɗaya. Farin gari ya lulluɓe shi, bakin ɓawonsa ya fara ɗaukar launi.

"Wane iri?"

"Kamar ja, Baba, amma ba ja sosai ba."

"Dunƙule ko rassa?"

"Dunƙule. Fasiyata ce, ko?"

"Duk dunƙule suka hwarawa. Ki jira ƙananan. Kwana goma, in Allah ya so." Ya rufe ido. "Kwana goma ba yawa."

A rana ta huɗu cikin goman, ƙanensa Baffa Uwaisu ya zo dubiya daga Giyawa, can wajen Goronyo. Manomin albasa ne, babba, mai yawan dariya da kyauta. Ya zo a babur da buhun gero a baya da kaji biyu a rataye. Ni ina gida ina wanki lokacin. Da na shigo bayan la'asar na iske shi a tsakar gida yana wanke hannu, jini-jini a bayan yatsunsa.

"A'a, ɗiyar Malam Zayyanu! Kin girma. An ce ke ka kula da abarbar Yaya, sannu da ƙoƙari. Amma ku 'yan boko ba ku san noma ba. Kun bar ta ta hudda sandar hure! Ai in abu yay yi haka duk ƙarhin sama shika tahiya, gindin ya tashi ba komi. Ko albasa tay yi min haka take nika karye ta. Na gyara muku. Dubi yadda tay yage ni, 'yar banza."

Na juya. Sandar tana nan tsaye, guntuwa, bakinta a tsage yana ɗigon ruwa. Kan yana ƙasa kusa da turmi, wata kaza tana zagaya shi.

Na sunkuyar da kai. Baffa Uwaisu ya ɗauka kunya ce, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya shiga ɗakin. Ina jin muryarsa daga waje.

"Yaya, na karye ma sandar abarbar nan. Bana in sha Allahu za ka ci 'ya'yanta, ka ga ta huta da ɗawainiya."

Sannan na ji muryar Baba, ƙasa-ƙasa.

"Ka karye?"

"Tun daga tsakiya. Da ƙyar, tana da tauri."

"To. Allah shi biya ka, Uwaisu. Ya mutanen Giyawa? Ruwa ya samu?"

Suka yi hirar ruwa da tsutsar gero da farashin taki. Inna Bara'atu tana tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu, ba ta motsa ba har baƙon ya fito. Ta raka shi zaure ta yi masa godiyar kaji. Ni kuma na tsinci kan na kakkaɓe masa ƙasa na ɓoye a cikin hijabina. Yana da nauyi fiye da yadda na zata, ƙayoyinsa suna tsikarina.

Da ƙarar babur ta yi nisa Baba ya kira ni.

"Yana hannunki?"

"Eh, Baba."

"Kawo."

Na sa masa a tafin hannu. Ya shafa shi da babban yatsa, a hankali, daga gindi zuwa sama, ya kai hanci ya sansana. Inna ta shigo ta zauna a bakin gado.

"Ni zan bi shi Giyawa in hwaɗa mishi abin da yay yi," in ji ta.

"Ba ki zuwa. Ba mai hwaɗa mishi, ko bayan raina. Abin da yas sani shi yay yi. Tun daga Giyawa yaz zo da gero cikin laka." Ya numfasa sau uku kafin ya ci gaba. "Ikilima, akwai reza cikin gwangwanin can. Hita bakin ƙohwa inda haske. Ɗaga ɓawo guda, za ki ga wani ɗan abu awa ƙwayar shinkahwa. Tsaga shi a tsaye. Huren na ciki a naɗe. Ki hwaɗa min launinai."

Na durƙusa a bakin ƙofa. Na farko na yanke shi biyu ya lalace. Na biyu ya faɗi cikin ƙasa. Na uku ya tsagu daidai. Na buɗe shi da bakin rezar, na kawo shi kusa da ido, na juya shi ta wajen rana.

Fari ne. Fari kamar cikin rake. Launi bai riga ya shiga ba.

Na tsaga wani daga ƙasan kan, inda suka fi girma. Na tsaga wani. Na tsaga har bakwai.

"Mi kig gani?"

Na ɗaga kai. Inna Bara'atu tana kallona daga bakin gado, inda shi ba ya ganin fuskarta. Ta ɗaga mini gira, ta gyaɗa kai, leɓenta yana motsi ba sauti. Shuɗi, take cewa. Ki ce shuɗi.

Na san Fasiyata yake zato, ko bai faɗa ba. Ni ma ita nake zato. Kalma ɗaya ce. Na buɗe baki, na dubi hannunsa a kan zane, a buɗe, yana jira kamar za a sa masa wani abu a ciki. Mutumin da bai taɓa faɗin sunan da bai tabbatar ba.

"Fari ne, Baba. Bai yi launi ba."

"Duka?"

"Bakwai na tsaga. Duka."

"Ko ɗan duhu ga baki babu?"

Na sake dubawa, Allah ya sani na sake dubawa. "Babu."

Ya rufe hannun. A waje kajin Baffa Uwaisu suna ta fama da igiyar ƙafarsu.

"To," in ji shi. "Ba a nuhe ni da sani ba." Can kuma ya ce, "Je ki sa yatsa ƙarƙashin ganyen ƙasa, can gindi. Ki yi hankali da ƙaya. Kin ji wani abu mai tauri?"

Na je na laluba ko'ina, ƙaya ta karce ni a wuyan hannu. Na dawo na ce babu.

"Uwar in za ta tahi takan bar ɗiya ga gindi. Wani lokaci. Kar a cire shi sai ya kai rabin uwar. Shekara uku, huɗu, shi ma ya yi nashi." Ya juya fuska wajen bango. "Je ki gida, magariba ta yi kusa."

Inna ta biyo ni har zaure. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Mi za ya rage ki in kin ce shuɗi?"

"Inna, ba shuɗi ba ne."

"Na sani ba shi ba ne. Ina da ido. Mutum na kwance shina jiran abu guda, ke kina da shi ga baki, kih hana shi. Karatun ke nan?"

Ta juya ta koma ciki.

Washegari ban je ba. Na ce wa Innata kaina ke ciwo. Na sa kan shukar da na taho da shi a kofi da ruwa a bayan littattafaina, ko zai ƙarasa abin da ya fara, amma kafin yamma bakinsa ya fara baƙi. Rana ta biyu na sa hijabi na kai har ƙofar zaurensu, na ji tarinsa daga ciki, na dawo. Na ce gobe, in Inna ta huce.

Ranar Talata da hantsi, ana yayyafi, ina tsintar shinkafa, muka ji salati ta kan katanga. Innata ta ajiye abin da ke hannunta ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta jawo mayafi. Ni na ci gaba da tsintar shinkafar. Ban san dalili ba. Sai da na gama tas na ga ashe tsakuwar nake mayarwa cikin tiren, shinkafar nake zubarwa.

Kafin azahar an kai shi. Babanmu ya dawo da laka har gwiwa, ya ce jama'a ta taru ƙwarai, har daga Rabah an zo. Innata ta ce da safen ya tambaya ko an ba shukar ruwa, Inna Bara'atu ta ce an ba ta. Ban tambaya ko ya ambace ni ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Sai ranar sadakar uku na iya shiga gidan, ina bayan Innata, ɗauke da kwanon tuwo. Tsakar gidan cike da mata, an shimfiɗa tabarmi har ƙarƙashin mangwaro. Inna Bara'atu tana rumfa a tsakiyar 'yan'uwanta, da carbi, idonta ya faɗa. Na durƙusa na ce, "Inna, ya haƙuri?" Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki," kamar yadda ta ce wa ta gabana, kamar yadda za ta ce wa ta bayana. Ba ta dube ni ba, ko kuwa ta duba ban gani ba, don kaina yana ƙasa.

Daga zaure muryar Baffa Uwaisu ta shigo, ta dushe da kuka. Yana ce wa wani, "Abarbar nan tashi kar a yar. Ni nig gyara mishi ita da hannuna, shina ta sa min albarka. Allah bai nuhwa ya ci ba."

Tukunyar ba ta wurinta. Na bi da ido har na hango ta can bayan madafa, inda aka tura ta don a sami wurin zama, kusa da murhun da aka kafa na dafa abincin sadaka. Na ajiye kwanon na zagaya ta bayan masu tuƙa tuwo. Toka ta cika tsakiyarta, wani ya jefa ɓawon goro a ciki. Ganye biyu na gefen wuta sun ƙone sun nannaɗe.

Na ja ta da ƙyar zuwa lungun da ke tsakanin rumbu da katangarmu, inda rana ba ta kaiwa sai da safe. Na karkata ta na zubar da ruwan tokar, na ɗebo na sama a ƙaramar randa na ɗauraye sau biyu, na cika. Sannan na naɗe hannun riga na sa yatsa ƙarƙashin ganyen ƙasa.

Ta gefen da bai ga wuta ba, can ciki, wani abu ya tokare ni. Ƙarami ne, mai tauri, mai tsini, kamar ƙahon ɗan akuya da bai gama hudowa ba. Na ɗaga ganyen kaɗan na leƙa. Kore ne, da ɗan farin gari a kansa.

Na mayar da ganyen yadda yake. A tsakar gida wata tsohuwa ta fara addu'a, mata suka ɗaga hannuwa, har masu tuƙi suka saki muciya. Na bi ta jikin katanga da takalmina a hannu, na wuce bayan tabarmi, na fita ta zaure. Ana shafa fatiha na kai ƙofar gidanmu.